Citroën Mai Ƙafar Katafila da Ta Ratsa Ƙasar Maraɗi

Scarabée d'Or, wato Buzuzun Zinariya, sunan da kamfanin Citroën na Faransa ya raɗa wa motar jagora ne a tafiye-tafiyen da ya shirya cikin Afirka a shekarun 1920. Farar mota ce ƙarama marar rufin ƙarfe, da hoton buzuzu a jikinta. Tana da tayoyi biyu da sitiyari a gaba yadda aka saba, amma a baya babu taya, sai ƙafa irin ta katafila.

Asalinta motar cikin gari ce. André Citroën ya fara ƙera motoci a 1919, a 1921 kuma ya fito da samfurin B2, wadda aka yi domin iyali da 'yan tasi a titunan Paris. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1,452, ƙarfinsa na doki 20, ba ta wuce kilomita 70 da 'yan kai a awa guda ko da a kan shimfiɗaɗɗen titi. Wannan injin ne aka ɗora wa motar hamada. Babban abin da aka sauya shi ne ƙafar baya, kuma dabarar ta wani injiniya ce mai suna Adolphe Kégresse, wanda ya yi wa Sarkin Rasha Nicholas na Biyu aikin kula da motoci, ya ƙirƙiro ta don tafiya a kan ƙanƙara.

Ƙafar ba ta ƙarfe ba ce. Wani faffaɗan bel ne na roba da zane mai kauri, wanda ke zagaya manyan gargare biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A tsakaninsu akwai ƙananan gargare da ke ɗauke da nauyin motar, suna hawa suna sauka daidai da tudu da kwarin ƙasa. Taya tana taɓa ƙasa ne a wuri ɗan ƙanƙane, shi ya sa take tona rami ta kafe idan ta shiga rairayi. Bel kuwa yana baza nauyin a kan doguwar shimfiɗa, kamar yadda faɗin tafin raƙumi ke hana shi nutsewa. Kuɗin wannan fa'ida shi ne jinkiri da shan mai, ga bel ɗin yana saurin cinyewa a kan duwatsu.

Tafiya ta farko ta ratsa Sahara ce. Motoci biyar suka tashi daga Tugurt ta Aljeriya ranar 17 ga Disamba 1922, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka shiga Tumbutu ranar 7 ga Janairu 1923. Sun ci kilomita wajen 3,200, kimanin 150 ke nan a yini.

Tafiya ta biyu ita ce ta shafi ƙasar Hausa. Motoci takwas, kowace da tirelarta, suka bar Kolom-Beshar ranar 28 ga Oktoba 1924, da sabuwar Scarabée d'Or a gaba. Bayan sun gangaro Kogin Kwara sun isa Yamai, sai suka juya gabas, suka ratsa ƙasar Maraɗi zuwa Tasawa, daga nan Damagaram, wadda ita ce hedkwatar mulkin mallakar Nijar har zuwa 1926. Layin da ya haɗa garuruwan nan shi ne babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ke bi a yau, wadda ke shiga jihar Maraɗi ta wajen Gidan Rumji, ta wuce Tibiri da Cadawa, ta bi ta Agye da Gazawa. A wancan lokaci babu kwalta. Turba ce ta jigawa, inda ayarin jakuna da raƙuma ke bi, kuma garin Maraɗi kansa yana can cikin fadamar gulbi, bai hau tudu ba sai bayan ambaliyar 1945.

Ƙarshen kaka suka iso, ƙasa ta bushe, an gama girbin hatsi. A Tasawa Sarki Barmu ya tarbe su, mai ɗaukar silima na ayarin, Léon Poirier, ya ɗauki hotunan fada, mai zane Alexandre Iacovleff kuma ya yi ta zana fuskokin sarakuna da talakawa a duk inda aka yada zango. Silimar da aka haɗa, La Croisière noire, an nuna ta a Paris a 1926, kuma tana cikin tsofaffin hotuna masu motsi da suka nuna mahaya dawaki da makaɗan wannan yanki. Sai dai da idon baƙo aka ɗauke ta, domin 'yan kallon da ke neman abin mamaki.

An sha yabon ayarin da cewa ya buɗe hanya, amma maganar tana buƙatar gyara. Kafin motocin su taso an riga an tura wasu sun jibge fetur da kayan gyara a zango-zango. Share turba da cike kwazazzabai kuwa, a zamanin, aikin tilas ne da ake ɗora wa mutanen ƙauye ta hannun sarakuna, kuma Faransa ba ta soke shi ba sai 1946. Tafiyar talla ce ga kamfani, kuma nuna ƙarfi ce ga gwamnatin mallaka. Ayarin ya zarce Tafkin Chadi da Kwango, ya rabu gida huɗu, aka sake haɗuwa a Madagaska cikin Yuni 1925. Motar da ta sauya kasuwancin Maraɗi daga baya ba mai bel ba ce, babbar motar kaya ce mai tayoyi, wadda ta karɓe jigilar gyaɗa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kano daga hannun raƙuma.

Kaɗan ne daga motocin nan suka tsira, kuma a Faransa suke. Croissant d'Argent, motar da Audouin-Dubreuil ya hau a tafiyar Sahara, tana gidan tarihi na garinsu, Saint-Jean-d'Angély. Scarabée d'Or ta 1922 tana cikin tarin tsoffin motocin kamfanin Citroën, ana tattalinta, ba a fita da ita doguwar tafiya. Don haka a 2016 wata ƙungiya mai suna Des Voitures et des Hommes ta haɗa kai da ɗaliban makarantar injiniyoyi ta Arts et Métiers don a ƙera irinta sak. Da yake ba a sayar da kayan gyaranta a kasuwa, sai ɗaliban suka auna sassan tsohuwar ɗaya bayan ɗaya, suka zana su a kwamfuta, sannan aka zuba ƙarfe aka fiƙe sababbi. An kammala ta a 2019, shekarar da kamfanin ya cika ɗari, kuma tana tafiya da ƙafarta.