Awon Tsoron Motsi ga Masu Daɗaɗɗen Ciwon Baya

Ga al'adar likitoci, in ciwon baya ya wuce wata 3 bai saki mutum ba, sai su kira shi daɗaɗɗe. Abin da ya daɗe yana ɗaure musu kai kuwa shi ne, akan sami mutum biyu masu ciwo iri ɗaya, wannan yana ta harkokinsa, wancan kuwa ko buta ba ya yarda ya sunkuya ya ɗauka. Cikin shekara ta 1983 waɗansu masana a Ingila suka kawo bayanin cewa tsoro ne ya raba su. Watau wanda ya ɗauka motsi zai ɓata masa baya sai ya guje shi, jikinsa ya yi rauni, gaɓoɓinsa su sandare. Ran da ya motsa ya ji zafi, sai ya ce ai ga abin da ya ke gudu.

To, tsoro ba shi hawa sikeli, sai dai a tambayi mai shi. Cikin 1993 Likita Gordon Waddell da abokan aikinsa na Gilasgo, a ƙasar Sikotilan, suka fito da takarda mai magana 16. Biyar na farko sun shafi motsin yau da kullum, kamar sunkuyawa da ɗaukar kaya da tafiya da tuƙin mota, sauran 11 kuwa sun shafi sana'ar mutum. Ga kowace magana majinyaci zai zaɓi lamba daga 0, watau bai yarda ba ko kaɗan, zuwa 6, watau ya yarda sarai. Ba dukansu a ke lissafawa ba: ana tara 4 daga na motsi, jimlarsu ba ta wuce 24, da 7 daga na sana'a, jimlarsu ba ta wuce 42. Akwai kuma ma'aunin Tampa na Amurka, mai magana 17, wanda makinsa ke tashi daga 17 zuwa 68.

Lalle a lura, waɗannan lambobi ba zafin ciwo su ke nunawa ba, ba kuma yawan motsin da mutum ke yi ba. Zatonsa kaɗai su ke nunawa. An sha ɗaura wa majinyata ƙaramar na'ura mai ƙirga motsi, a ga abin da ta ƙirga bai zo daidai da abin da suka faɗa ba.

Inda maganar ta shafi masu nazarin Hausa shi ne wajen fassara. Malaman sashen gashin ƙashi na Jami'ar Bayero ta Kano sun mai da takardar Waddell cikin Hausa, aka buga sakamakon gwajinta cikin 2019. Duk wanda ya ɗauki irin wannan aiki zai tarar da wuya tun daga kalma ta farko. In aka ce wa dattijo "motsa jiki", hankalinsa zai tafi ga ƙwallo da guje-gujen 'yan makaranta, ya ce shi ba ya yi, alhali kuwa ya wuni duƙe yana noma. Har wa yau, raba motsi da sana'a ya dace da ma'aikacin ofis, amma ga manomi da ɗan dako da matar da ke daka, motsin shi ne sana'ar. Sa'an nan ga bambancin zafi da lahani, wanda shi ne gindin awon duka. Mai cewa sunkuyawa tana sa shi jin zafi labari ya bayar. Mai cewa za ta yi masa lahani kuwa, shi ne mai tsoron da a ke nema. In mai fassara ya sa "ciwo" a wuraren biyu, ya haɗe abin da aka so a raba.

Wanda bai iya karatu ba dole a karanta masa, kunya kuwa takan sa mutum ya amsa wa likita da abin da ya ke zaton zai so ji. Masana a ƙasar Holan sun bi wata hanya cikin 1999: hotunan ayyukan gida a ke nuna wa majinyaci, kamar hawan bene da ɗaga kaya, ya jera su daga 0 zuwa 100 bisa ga lahanin da ya ke tsammani. Hoto ya rage wahalar kalma, sai dai ayyukan da ke ciki na gidajen Turai ne, babu turmi, babu guga, babu fartanya.