Abin da mafarauci ke ɗura wa bindigar toka a Bagudo

Daga Kaoje zuwa Tsamiya, kan iyakar Najeriya da Benin, har yanzu bindigar toka ce makamin mafarauci. Ta baki ake ɗura ta: albarushi, sai tsumma, sai harsashi, a danna da sanda. Abin harbi shi ke zaɓar harsashi. Zabo da fakara, ƙananan ƙwayoyin dalma masu bazuwa. Gada ko mugun dawa, dunƙule mai nauyi.

Haɗarin yana wajen awo. Maƙera kan yi bakin bindigar da bututun ƙarfe wanda ba a gwada ƙarfinsa ba. Idan albarushi ya yi yawa, ko aka maye gurbin dalma da guntun ƙusa, bututun kan fashe a hannun mai shi.

Dokar Makamai ta 1959 ta ɗora lasisinta a wuyan kwamishinan 'yan sanda na jiha, kuma don farauta aka san ta. Yau da ita 'yan banga ke tsaron ƙauyuka tun bayan ɓullar Lakurawa a Kebbi. Harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗuri, alhali AK-47 tana ɗauke da harsashi 30.