'Yan Gadin Dajin Yankari: Albashi A Hannun Gwamnati, Guzuri A Hannun Ƙungiya

Duk mutumin Bauchi da ke zaune a Ikko ko Badun, in ya ji an ambaci Muda Lawal, abu biyu ne za su faɗo masa a rai. Na farko shi ne ɗan ƙwallon nan na Abekuta wanda ya yi wa ƙungiyar Shooting Stars wasa, yana kuma cikin waɗanda suka ci wa Nijeriya kofin Afirka a Ikko cikin 1980. Na biyu kuwa ita ce kasuwar da ke ɗauke da wannan suna a garin Bauchi, inda ake sauke doya da lemo da tumatir da hatsi tun da sassafe. A wannan kasuwa ce ƙaramin ma'aikaci yake sanin ainihin darajar albashinsa, domin abin da takardar ofis ta ɓoye, mudun shinkafa ba ya ɓoyewa.

To, akwai waɗansu ma'aikatan Jihar Bauchi da wannan lissafi na mudu ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, su ne 'yan gadin gandun dajin Yankari, wanda ke ƙasar Alkaleri, tafiyar fiye da kilomita 100 daga Bauchi. Malamin ofis in an tashi aiki gida yake komawa ya ci abin da iyali suka ci. Shi kuwa mai gadin daji tukunya biyu yake ɗorawa. In zai shiga sintiri sai ya bar wa maiɗakinsa cefanen mako guda, sa'an nan shi ma ya ɗauki garinsa da wakensa da ɗan mai ya rataya. Wa zai biya kuɗin tukunya ta biyu? Mai karatu zai ga kamar ƙaramar magana ce, amma ran giwayen Yankari ya daɗe yana rataye a kanta.

Dajin dai ya sha canjin iyayen gida. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido ran 1 ga Disamba, 1962. Daga nan ya koma hannun Jihar Arewa Maso Gabas, sai Jihar Bauchi da aka ƙirƙiro a 1976. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, a 2006 kuma ta mayar wa Bauchi da abinta, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma duk wannan fili ƙafar ɗan Adam ce ke tsaronsa.

Shekarun da suka biyo bayan 2006 ba su yi wa namun dajin daɗi ba. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a wannan shekara ta sami giwa 348. Kafin a cika shekara goma, masana suna ƙiyasta abin da ya rage tsakanin 100 da 150. 'Yan uwa mazauna Ikko ba sa bukatar a gaya musu inda ake cinikin haure a ƙasar nan. Wani bincike da aka yi a 2012 ya ƙirga kayan hauren giwa fiye da 14,000 a shimfiɗe a kasuwannin Ikko, mafi yawa a wajen Lekki, alhali kuwa tun 1989 duniya ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe.

A irin wannan hali mai gadi yake fita. Bindigogi masu aiki kaɗan ne, maharba kuwa sun fi shi makami, har an kashe waɗansu 'yan gadin a bakin aiki. Mutumin da aka tura daji da yunwa, babu wanda zai bi sawunsa ya ga ko ya je, ga shi kuma ya san maharbin nan tun suna yara, ba sai an yi dogon bayani a kan abin da ka iya faruwa ba. Wani zai sami inuwa kusa da hanya ya kwana biyu ya dawo ya ce ya zaga. Wani kuma in an miƙo masa cinyar gwanki sai ya kau da kai. Masu saurin zagin 'yan gadi su fara tambayar kansu abin da za su yi in su ne.

Cikin wannan yanayi ne wata ƙungiya mai zaman kanta ta Amurka, Wildlife Conservation Society, wadda ake taƙaita sunanta WCS, ta shigo. Tsohuwar ƙungiya ce, an kafa ta a birnin New York tun 1895, kuma babban ofishinta na Nijeriya a Kalaba yake. Ta fara taimaka wa Yankari a 2009, sa'an nan a 2014 ta sa hannu a yarjejeniya da Gwamnatin Jihar Bauchi, aka danƙa mata kula da 'yan gadi da sha'anin sintiri. Mista Andrew Dunn ne shugabanta na ƙasa a lokacin, wani matashi ɗan Nijeriya kuma, Nachamada Geoffrey, shi ne ya riƙe aikin a Yankari.

Abin da sababbin shugabannin suka fara gyarawa ba wani abin mamaki ba ne. Tukunya ta biyu suka ɗauke wa mai gadi. Aka riƙa ba kowane ayarin sintiri abincinsa kafin ya tashi, da alawus na kwanan daji, da kaki da takalma da tanti. Aka kawo masu horo suka koya musu dabarun aiki, aka kuma sa lada ga ayarin da ya kamo maharbi. Mutum shida ko bakwai ke fita tare, su yi kamar mako guda suna kwana inda dare ya yi musu, tsando na cizo, damina na jiƙa su, in rani ya yi kuma ruwan sha ya zama abin nema ga wanda ya yi nisa da kogin Gaji.

Amma fa ba a ba da wannan a banza ba. Tare da buhun shinkafa aka miƙa wa kowane ayari wata 'yar na'ura mai kama da wayar hannu, wadda ke magana da tauraron ɗan Adam. Duk inda suka taka tana rubutawa. In sun ga sawun zaki, ko tarko, ko sansanin maharba, ko garken shanu, sai su shigar. In sun dawo a juye bayanin cikin kwamfuta da wani tsari da ake kira SMART, sai ga taswirar tafiyarsu ta fito ɓaro-ɓaro, da yawan kilomita da yawan kwanaki.

Wannan na'ura ita ce ta fi canja zaman wurin, kuma kaifi biyu ne da ita. Ga rago, ta zama ɗan leƙen asirin da ba a iya saye da goro. Ga mai ƙwazo kuwa, shaida ce da bai taɓa samu ba. A da, wanda ya yi tafiyar kilomita hamsin da wanda ya kwana a gindin kuka duk labari ɗaya suke kawowa, kuma wanda ya fi iya baki ko ya fi kusa da maigida shi ke cin riba. Da taswira ta shigo, sai zancen wane yaron wane ne ya ragu, domin shugaba ba ya iya yabon wanda layinsa bai wuce bakin hanya ba alhali kowa na gani. Duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin Ikeja ko Apapa inda ake buga kati da safe ya san yadda abin yake, akwai takura, akwai kuma kariya.

Ladan kamu shi ma yana da nasa nauyin. Yawancin 'yan gadin nan 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye da dajin ne. Wanda suka ɗaure yau, gobe za su haɗu da ƙanensa a masallaci ko wurin suna. Makiyayin da aka kama da shanu cikin gandu yana da dangi. Manomin da giwaye suka share wa gonar dawa cikin dare ɗaya, wadda da ita yake sa ran kai amfani kasuwa, ba ya ganin shugaban da ke Kalaba, mai kakin da ke maƙwabtaka da shi yake gani. Don rage wannan zafi ne ƙungiyar ta sa wa waɗansu giwaye abin wuya mai nuna inda garke yake, ta kuma ɗauki mutane a ƙauyuka suna sa ido, in giwa ta doso gona su buga waya a zo a kora. An kuma riƙa kwaso 'yan makarantun yankin ana kai su cikin dajin, yaran da aka haifa a bakinsa amma ba su taɓa ganin ruwan ɗumi na Wikki ba.

Sakamako ya biyo baya. Daga watan Mayu na 2015 aka yi shekaru ba a sami gawar giwar da maharba suka kashe ba. A watan Nuwamba na 2021 kuma aka kira ɗaya daga cikin manyan 'yan gadin, Malam Suleiman Saidu, zuwa London, inda Yarima William na Ingila ya miƙa masa lambar yabo ta ƙungiyar Tusk, wadda ake ba gwarzon mai gadin daji na Afirka. Abin lura a nan shi ne, ba a sauke waɗansu sababbin mutane daga sama ba. Yawanci mutanen da ake zargi da lalaci jiya su ne suka yi wannan aiki, bayan an ciyar da su, an biya su, an kuma duba abin da suka yi.

Kukan 'yan gadi kuwa ba na Yankari kaɗai ba ne. A 2019 ƙungiyar WWF ta fitar da sakamakon tambayoyin da aka yi wa 'yan gadin daji 7,110 a ƙasashe 28, kuma abin da suka yi ta ambata bai wuce ƙarancin albashi da ruwan sha da magani da kayan aiki ba. A gandun Virunga na ƙasar Kwango, 'yan gadi fiye da 200 aka kashe a bakin aiki.

Inda gizo ke saƙa a tsarin Yankari shi ne zaman bawa mai iyayen gida biyu. Albashi da ƙarin girma da fansho suna hannun gwamnati a Bauchi. Abinci da alawus da umurnin inda za a nufa suka koma hannun ƙungiya. In mutum ya yi laifi, mai ba shi umurni ba shi ne mai ikon sallamarsa ba. In ya yi bajinta, mai ganin bajintar ba shi ne mai ɗaga masa matsayi ba. Ita kuma ƙungiya ba haraji take karɓa ba, gudummawa take nema daga Amurka da Turai, kowace da wa'adinta, wata shekara biyu, wata uku. Su kansu ma'aikatan irin waɗannan ƙungiyoyi, da direba da malamin lissafi da mai kula da kwamfuta, yawanci a kan kwantaragi suke, in kuɗin ya ƙare sai a jira a ga ko za a sabunta.

Ga shi kuma aikin ya ƙara haɗari. A 2025 an yi ta jin labarin hare-haren 'yan bindiga a yankunan Duguri da Gwana na ƙasar Alkaleri, inda aka rasa rayukan 'yan banga da mutanen ƙauye. Mai gadin da aka horar don ya tari maharbin ɓauna yanzu yana iya yin kiciɓis da masu bindigar yaƙi. Yarjejeniya da kowace ƙungiya tana da ranar ƙarewa, ba kuwa ƙungiya ce za ta biya haƙƙin matar mai gadin da ya faɗi bayan ta tattara ta tafi ba. Wannan fayil ɗin a sakatariyar Bauchi yake, tare da na kuɗin guzuri, tun ranar da jihar ta karɓi dajin a 2006.