Attahiru Wane?

A majalisun Ƙofar Rini, kamar sauran unguwannin tsohon birnin Sakkwato, in an ce Attahiru sai an tambaya wane. Sunan Larabci ne, Aɗ-Ɗahir, mai tsarki, wato shi da Ɗahiru abu guda ne. Masu cewa daga attajiri ya fito su daina, ko kusa ba su haɗa tushe ba.

Babban kuskuren ma yana gaba. Har ɗaliban jami'a sai ka ji suna cewa Sarkin Musulmi Attahiru ya yaƙi Turawa, daga baya kuma suka naɗa shi. Ina aka taɓa haka? Mutum biyu ne, gidajensu ma daban. Attahiru na Ɗaya ɗan Ahmadu ne, jikan Atiku ɗan Shehu. Ya hau gado a 1902, bai kai ga shekara ba Nasara suka iso. Ranar 15 ga Maris 1903 aka gwabza a Giginya, bayan ganuwa, masu dawaki da masu da takubba suna fuskantar bindiga mai ruwa. Da ya ga babu dama, sai ya zaɓi hijira, ya nufi gabas da niyyar Makka. Abin da ya tsorata Turawa shi ne jama'ar da ta bi shi: manoma suka bar gonakinsu ana dab da shuka, malamai da almajirai, mata da goyo, gari bayan gari. A Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, aka tare shi ranar 27 ga Yuli, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Manjo Marsh, jagoran sojan Turawa, shi ma a nan ya faɗi.

Tafiyar kuwa ba ta yanke ba. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'ar har Sudan, ga garin Mai Wurno nan a bakin Kogin Nilu mai suna Shuɗi, ana jin Fulatanci da Hausa a cikinsa har gobe.

Wanda Lugga, shugaban Turawan, ya naɗa, kwanaki kaɗan bayan Giginya, shi ne Attahiru na Biyu, ɗan Aliyu Babba, na gidan Bello ɗan Shehu. A zamaninsa aka yi tawayen Satiru a 1906, ya rasu a 1915.

Na zamani kowa ya san su. Attahiru Bafarawa ya mulki jihar Sakkwato daga 1999 zuwa 2007. Farfesa Attahiru Jega, mutumin Kebbi, ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i a zamanin soja, sannan hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Akwai kuma Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, hafsan sojan ƙasa, wanda jirginsa ya faɗi a Kaduna ranar 21 ga Mayu 2021, wata huɗu kacal da naɗa shi.