Mene ne farfaɗo da wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki?

Duk ranar 29 ga Oktoba, ranar yaƙi da shanyewar ɓarin jiki ta duniya, masana kan yi kira a inganta farfaɗo da majinyata. Me suke nufi?

Cutar na aukuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Farfaɗowa ita ce sake koyon abin da cutar ta ƙwace: tafiya, haɗiye abinci, magana, har ɓalle maɓallin riga. Sassan ƙwaƙwalwar da suka tsira na iya ɗaukar aikin waɗanda suka lalace, amma sai da maimaita atisaye kullum, musamman a watanni 3 na farko. Shi ya sa kwantar da majinyaci a ɗaki ana jiran sauƙi babbar asara ce.

Farfaɗowa ba ta tsaya ga jiki kaɗai ba. A Birtaniya, a 2021, aka tambayi majinyata da masu jinyarsu abin da ya kamata a fara bincika game da ita. Damuwa da ƙuncin zuciya suka zo kan gaba.

A wajenmu, likitocin gashin ƙashi sun taru a manyan birane, masu koyar da magana kuwa ƙalilan ne. Nauyin jinya kan faɗa wa matan gida, galibi ba tare da an koya musu ko yadda ake juya majinyaci ba.