Ciyawar Teku da Sankarar Furostet

Mutanen Japan suna zuba wata ciyawar teku mai suna wakame a miya kamar yadda muke kaɗa kuka. Masana sun daɗe da lura cewa sankarar furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ba ta yawaita a can kamar a Amurka ba, kuma Japanawan da suka koma Amurka da zama sai cutar ta ƙaru a cikinsu. Daga nan hankali ya karkata kan abinci.

Sinadarai biyu na ciyawar aka fi sa wa ido. Na farko fukoidan, abu mai yauƙi da wani masanin Suwidin, Harald Kylin, ya ware a 1913. Na biyu fukozantin, wanda ke ba ciyawar launinta na ƙasa-ƙasa. A 2001 masu bincike a Japan suka zuba fukozantin kan ƙwayoyin sankarar furostet da ake rainonsu a ɗakin gwaji, sai ƙwayoyin suka riƙa mutuwa. Allah ya halicci kowace ƙwayar jiki da tsarin kashe kanta idan ta lalace; sankara tana toshe wannan tsari, sinadarin kuwa yana farfaɗo da shi. A jikin ɓeraye kuma an ga fukoidan yana rage tsiron sababbin jijiyoyin jini da ƙari ke ci ta cikinsu. Wannan aiki ya burge ni ƙwarai, ina kuma fatan ya kai gaci.

Amma jikin dattijo ba kwanon gwaji ba ne. Fukoidan ƙato ne, kaɗan daga cikinsa hanji ke iya tsotsewa, kuma har yau ba a amince da ko ɗaya daga cikin sinadaran biyu a matsayin maganin sankara ba. Shi ya sa raina ke ɓaci da masu tallar kafsonsu a Facebook da sunan waraka. Ga shi kuma akwai haɗari: fukoidan yana iya tsinka jini. Kombu, wani nau'in ciyawar teku, cike yake da aidin, wanda yawansa ke rikita maƙoshi har ya jawo maƙoƙo. Wani nau'in kuwa, hijiki, a 2004 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta gargaɗi jama'a su daina cinsa saboda gubar asanik.

A Najeriya sankarar furostet ce ta fi kama maza, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai ta kai ƙashi. Baba, in ka haura hamsin, ko fitsari ya fara gardama, ko an taɓa yin cutar a gidanku, ka je wurin likita ka nemi gwajin jini na PSA.