Mutum-mutumin Pushkin: abin da ya kamata ku sani

A tsakiyar birnin Mosko, a wani dandali bakin titin Tverskaya, akwai wani mutum-mutumin tagulla na mawaƙin Rasha Aleksanda Pushkin, yana tsaye ya ɗan sunkuyar da kai. An buɗe shi a watan Yunin 1880, shekara 43 bayan Pushkin ya mutu sakamakon harbin da aka yi masa a wani fito-na-fito na kare mutunci. Aleksanda Opekushin ne ya ƙera shi, kuma da kuɗin karo-karo na jama'a aka yi aikin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da aka saba ganin sarakuna da janar-janar a kan irin wannan dakali.

Bikin buɗewar ya ɗauki kwanaki. Cikin manyan marubutan Rasha, Turgenev ya yi jawabi, Dostoevsky ya yi nasa wanda ya girgiza zauren, Tolstoy kuwa ya ƙi zuwa. Tun daga ranar kowa ke jan Pushkin wajensa: masu son Rasha ta bi sahun Turai sun ce nasu ne, masu cewa ta tsaya kan gadonta su ma haka.

Hukuma ba a bar ta a baya ba. A 1937 gwamnatin Stalin ta rushe tsohon gidan ibadar Kirista da ke dandalin, a 1950 kuma aka ɗauke mutum-mutumin aka tsallakar da shi titi zuwa wurin. Sai ga shi ranar 5 ga Disamba 1965 masu adawa sun taru a gindinsa suna neman a yi wa marubuta biyu, Sinyavsky da Daniel, shari'a a bainar jama'a. Me ya sa can? A ganina, dandalin marubuci ya fi kowane wuri dacewa da mai ƙorafi, tunda gwamnati da kanta ta ce a girmama mai wurin, kuma da alƙalami ya yi suna.

Akwai abin da ya shafe mu 'yan Afirka. Kakan mahaifiyar Pushkin, Abram Gannibal, baƙar fata ne da aka sato daga Afirka yana yaro, ya tashi a hannun Sarki Bitrus Mai Girma har ya zama janar. An daɗe ana cewa ɗan Habasha ne, shi ya sa Addis Ababa da Asmara suke da nasu mutum-mutumin na Pushkin. Amma masanin tarihi Dieudonné Gnammankou ya kawo hujjar cewa daga Logone-Birni yake, kudu da Tafkin Chadi, a arewacin Kamaru ta yau.

A Yukren labarin ya sha bamban. Tun mamayar da Rasha ta yi wa ƙasar a 2022 garuruwa da dama, har da Kiev, suka sauke gumakan Pushkin, domin suna kallonsu a matsayin tambarin mulkin Mosko da aka kafa musu a dandali.